Ɗaga wutar DDR4 zuwa 1.5V: ina iyakar take?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka iya kai wutar (voltage) RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, nau'in DDR4, zuwa 1.5V ka bar shi haka kullum. Ni dai ban ba ka shawarar haka ba. Asalin wutar DDR4 1.2V ce, yawancin saitin XMP (saitin ƙarin gudu da kamfani ke sa wa RAM tun daga masana'anta) kuma 1.35V suke ba shi. In kana son ƙarin gudu, tsaya tsakanin 1.35V da 1.4V, nan yawanci ba ka da fargaba.

Amma sai ka fara sanin irin ƙwayoyin (chips) da ke jikin RAM ɗin, manhajar Thaiphoon Burner za ta nuna maka. Nau'in ƙwayoyin Samsung da ake kira B-die yana jure 1.45V har zuwa 1.5V, amma ɗaya nau'in nasu, C-die, da zarar ya wuce 1.35V sai ya fara rikicewa maimakon ya ƙara gudu. Abin da na fi gani yana kayar da mutane shi ne zafi. B-die ɗin ma in ya haura digiri 50 na Celsius kurakurai sukan ɓullo, balle a bazara a ɗakin da babu iska. Sa masa ƙaramar fanka, ka riƙa ƙara wutar kaɗan-kaɗan, kowane mataki ka gwada da MemTest86, manhajar da ke binciken kurakuran RAM.