Keken Lantarki: Ku Daina Ruɗuwa da Yawan Wat

Tambaya: Malam, keken lantarki nake son saya. Na ga mai wat 750 da injinsa a cibiyar tayar baya, da mai wat 250 da nasa a tsakiya, wurin feda. Hanyata duk hawa ce. Ba na farkon ya fi ba?

Amsa: Wannan zancen wat ɗin ya ishe ni, ɗan'uwa! Kowa ya zo da lamba a baki sai ka ce janareta zai saya. Injin cibiyar taya kai tsaye yake juya tayar, ba ruwansa da giyarka. Da ka kama doguwar hawa gudu ya ragu, sai ya dinga zuƙar batir yana ɗaukar zafi. Sauka ka taɓa shi ka ji. Na tsakiya kuwa sarƙa yake ja, in ka sauko da giya shi ma ya samu sauƙi, kamar yadda ƙafarka take samu. Abin dubawa shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm. Injin Bosch Performance Line CX wat 250 ne a takarda, amma tun 2020 ya kai Nm 85. Ita 250 ɗin ma iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa ce, inda injin ke daina taimako a gudun kilomita 25 cikin awa.

Ɗauki na tsakiya. Sai dai yana cin sarƙa, don haka ka sassauta ƙafa duk lokacin sauya giya, kada kuma ka tashi a babbar giya. In ka ji "ƙas!" haƙoran giyarka ne ke kuka. Ranar da sarƙar ta tsinke, da turi za ka koma gida.

Tambaya: Malam, ina taka feda sai keken ya fizge ni. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa lau, 'yar'uwa. Na'urarsa juyin feda kawai take ƙirgawa, ba ta san ko da ƙarfi kika taka ba. Ki rage matakin taimako, ki riƙe birki in kin tsaya. Ni dai kullum mai auna nauyin takawa nake zaɓa, irin tsarin da Yamaha ta fito da shi a 1993.

Tambaya: Batir biyu, wanne zai fi nisa?

Amsa: Ninka V (ƙarfin wutar batirin) da Ah (yawan cajin da yake ɗauka), ka samu Wh, wato yawan wutar da ke cikinsa. 36 sau 10, Wh 360 ke nan. Wanda ya fi yawan Wh shi ne, muddin ba a totur za ka wuni ba.