Amsar Baffa game da aikin da ba a biya

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya karatu? Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na jinkirta ne don ba tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce kun fita yashe magudanar ruwan unguwarku kafin damina ta kankama, wani abokinka ya ce wauta ce mutum ya ƙarar da Asabar ɗinsa a cikin kwata babu ko sisi, kai kuma ka rasa abin ce masa. Shi ne kake tambaya, mu a da me ke sa mu irin wannan aiki.

Bari in fara da gayya, tunda a cikinta na tashi. Idan ruwa ya zauna, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya ɗauki goro ya kai wa sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana. Da sassafe za ka ga matasa da fartanya a kafaɗa, makaɗa na biye da gangar noma, ana zuba kirari, kowa na son ya riga ɗan'uwansa kai kunyarsa bakin gona. 'Yan mata su kawo fura da kunu, gidan mai gona a tuƙa tuwo. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu, kafin la'asar an gama da ita.

Amma ba zan rufe ka ba, yawancin gayya biki ce: ka yi mini yau, in yi maka gobe. Wanda ya saba noƙewa, ranar tasa tuwonsa ne zai kwana. Saurayin da ya tara abokai suka nome gonar surukinsa, shi ma ya san abin da yake nema. Ban ga aibin wannan ba. Da ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da idonmu muka gani: a ƙasa ake ɗaura ta, sai an taru a ɗaga ta a aza bisa ɗaki. Da abokinka wannan kaɗai ya gani, sai in ce yana da 'yar gaskiya, domin lada na nan, jinkirta shi kawai aka yi.

Akwai wata iri kuma, ita ce amsar tambayarka. Wata damina kurkunu ya kwantar da kakanka. Ku ba ku san kurkunu ba, tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi, Alhamdu lillahi. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta shekara a jiki, ta tashi fitowa ta ƙafa daidai lokacin noma, mutum ya yi makonni bai taka ba. Gero ya kai maimai, rumbunmu ya kusa ƙasa, ba mu da goron gayya balle tuwonta. Ba mu gaya wa kowa ba, kunya ta hana. Wata safiya kakarka ta aike ni gona, na tarar da mutane sun fi goma sunkuye. Ba ganga, ba kirari, kowa ya zo da gorar ruwansa. A cikinsu har da wani da suka shekara ba sa ga-maciji da kakanka saboda iyakar gona. Suna gamawa suka watse ta bayan gari, ba wanda ya biyo ta ƙofar gidanmu, don kada a yi musu godiya mai gida ya ji nauyi. Da na faɗa wa kakanka, juya fuska ya yi bango. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Sannan ka duba maƙabarta. A ƙauye har gobe, da an ji rasuwa matasa ke ɗaukar diga da shebur, wasu su saro itace, wasu su ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Makara kuwa rige-rigen kama ta ake yi. Wanda ake yi wa hidimar nan ba zai tashi ya rama ba, ba zai ma ce an gode ba. Malamai sun karantar da mu cewa farali ne na kifaya, in wasu suka yi sun ɗauke wa kowa, in aka bari duk gari ya ɗau laifi. Hadisi ya zo cewa wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi ɗaya, wanda ya tsaya har aka rufe yana da biyu, kowanne kamar dutsen Uhudu. Kuma a Suratul Insan, aya ta 9, Allah ya yabi masu ciyarwa suna cewa don Allah suke yi, ba sa neman sakayya ko godiya. Ka ga ke nan ba wai ba ma son lada ba ne. Muna so ƙwarai, wurin mutum ne dai ba ma nema.

Da birni ya buɗe, abin ya sa kaki. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, da Fityanul Islam, da Izala da ta zo a 1978 daga Jos, kowacce na da 'yan agajinta. Su ne kake gani suna tsara sahu a filin Idi, suna ɗaukar kayan tsofaffi a sansanin alhazai, rana na dukansu. A cikinsu akwai teloli da 'yan kasuwa da leburori da suka rufe sana'ar yini guda suka fito.

Abu biyu nake so ka kiyaye. Hoton da kuke sawa a Facebook ban hana ba, in zai jawo wasu su fito, amma ka riƙa binciken zuciyarka, riya ba ta sallama in za ta shigo. Kuma kada ka ɗora hoton mabuƙaci yana karɓa, ka tuna mutanen da suka bi ta bayan gari. Na biyu, in ka ga wani na karɓo kuɗi da sunan aikinku yana sawa a aljihu, ku tambaye shi a gaban kowa, yin shiru a nan ba haƙuri ba ne.

Abokin naka kada ka yi musu da shi. Asabar mai zuwa ka ce ya zo ya riƙe muku baro na awa ɗaya kawai. Ku nemi takalmin roba da safar hannu, akwai fasassun kwalabe a kwata. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan an yi maimai, in Allah ya yarda.

Baffanka