Kun Tambaya, Mun Amsa: Tashar Jirgin Ƙasa ta Zariya

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan tashar reluwe ta Sabon Gari. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su saboda fili.

Wani ɗalibi daga Samaru ya rubuto: "Yaushe jirgin ƙasa ya fara zuwa Zariya? Kuma me ya sa aka yi tashar a Sabon Gari, ba a cikin birni ba?"

Malam, dogo ya iso Zariya a 1911. Layin Baro zuwa Kano ne, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, mutumin da asalin sana'arsa shimfiɗa hanyar jirgi ce. Baro tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Kwara. Ta ruwa ake kawo kwangiri da injuna, a sauke su can, a riƙa shimfiɗawa ana yowa arewa ta Minna da Kaduna da Zariya, har ƙarfe ya taɓa Kano a watan Maris na 1911. A 1912 aka haɗe wannan layi da wanda ya taso daga Legas, suka zama hukuma ɗaya. Duk da haka matafiyi bai samu tafiya miƙe ba sai 1916, da aka gama gadar Jebba. Kafin nan a kan jirgin fito ake ɗora taragu a ƙetarar da su kogi.

Mutanenmu aikin diga suke ce masa, don da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma yawancin leburorin ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su, ba don sun so ba. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, har waƙa ya rubuta a kai, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Batun wuri kuwa, tasha irin wannan ba ɗakin sayar da tikiti ba ce kawai. Tana son fili shimfiɗaɗɗe mai tsawo don layukan juya taragu, da loko inda ake gyaran injuna, da ma'ajin kwal, da tankin ruwa, da sito-siton kamfanoni, da gidajen ma'aikata. Cikin ganuwa babu wannan sarari. Ga kuma siyasar Turawa, waɗanda ba sa son baƙin da suka biyo dogo daga kudu su cakuɗu da mutanen birni. Sai aka kafa komai a ƙetaren kogin Kubanni, arewa da birni. Akawuna da makanikai da 'yan kasuwa suka zauna gefen tasha, wurin ya zama Sabon Gari. Unguwar da har yau ake kira PZ sunan ɗaya daga cikin kamfanonin da suka kafa kantinsu kusa da layi ne. Wato tasha ce ta haifi unguwa, ba unguwa aka tarar aka yi mata tasha ba.

Wani dattijo daga Soba: "Mahaifina ya sha gaya mana ya hau jirgi daga Zariya zuwa Jos ta garinmu. Yara suna min dariya idan na faɗa. Ku raba mu."

Baba, gaskiyar mahaifinka, Allah Ya jiƙansa. An yi wannan layi, kuma kuza ce ta kawo shi. Kafin a yi shi, a ka ake ɗauko kuza daga tsaunukan Jos. Sai aka ja ƙaramin dogo daga Zariya, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre, ya hau Jos, ya tsaya Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143 ne. Faɗinsa ƙafa biyu da inci shida kacal, alhali babban layi ƙafa uku da inci shida ne, don haka taragunsa ba sa hawa babban layi. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai 'yan dako sun sauke shi sun sake loda shi a wani jirgin. Wannan sauke-lodi ya ciyar da gidaje da yawa a Sabon Gari, amma shi ne kuma ajalin layin. Da babban dogo ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya miƙaƙƙa zuwa Fatakwal, ƙaramin jirgi ya koma ɗaukar fasinja da amfanin gona. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan.

A gaya wa yaran kuma akwai reshe na uku, wanda ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Kauran Namoda a 1929, saboda auduga da gyaɗa. Ke nan akwai shekarun da hanya huɗu ke fita daga wannan tasha: Kano, Kaduna, Jos da Kaura. Shi ya sa har yau hedikwatar gundumar arewa ta Hukumar Jiragen Ƙasa a Zariya take, ba a Kano ba.

Wata Hajiya daga Tudun Wada: "Ina zuwa Abuja duba jikoki, mota tana gajiyar da ni. Me ya hana jirgin Abuja ya ƙaraso Zariya, tunda ga layi a ƙofar gidanmu?"

Hajiya, layin ne ba iri ɗaya ba. Tsohon da ya ratsa Zariya, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne. Sabon na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, milimita 1,435 ne. Bambancin milimita 368, bai kai kamu ɗaya na hannun babba ba. Ƙafafun tarago a kafe suke a jikin sandarsu, ba sa matsewa ba sa buɗewa, saboda haka jirgin Abuja ba shi da inda zai taka a nan. Sai an gama sabon layin Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021 kuma zai bi ta Zariya.

Kafin nan, mota za ki shiga zuwa Kaduna, ki nufi Rigasa, inda jirgin Abuja ke tashi. Kada ki ce wa direba "tashar jirgi" kawai, don tsohuwar tashar Kaduna daban take, kuma ba daga can jirgin Abuja ke tashi ba. Daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja kilomita 186 ne, akwai tsayawa a Kubwa, wadda ta fi wa mutane da dama kusa da gida. A sa wani yaro ya saya miki tikiti ta intanet tun kafin ranar tafiya, da sunanki da lambarki ta katin ɗan ƙasa, domin tun bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 aka tsananta duba shaida. Tikitin da aka saya da sunan wani zai iya jawo a tsayar da ke a ƙofa. Ki bar Zariya da rarar lokaci mai yawa. Jirgi ba ya jiran wanda cunkoson Kawo ya riƙe.

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari: "Da aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano na hau sau biyu. Sai mu tsaya a daji awa guda ba dalili. Lalaci ne ko me?"

Alhaji, akwai dalili, ko da yake ba mai tsayawa ya yi wa fasinja bayani, kuma wannan laifin hukuma ne. Jirgin da kake nufi an dawo da shi a Disamban 2012 bayan gyaran layi. Kilomita 1,126 ne daga Legas zuwa Kano, sau ɗaya a mako, ya taso Juma'a ya juyo Litinin, kuma ko a takarda tafiyar ta kai awa talatin.

Layin tilo ne. Mai hawa da mai gangara ƙarfe ɗaya suke bi, ba su da wurin kauce wa juna sai a tasha mai layin gefe. An yanka hanyar gunduwa-gunduwa daga tasha zuwa tasha, kuma direba ba ya shiga gunduwa sai shugaban tasha ya ba shi izini a hannu, bayan ya yi magana da tashar gaba ya tabbatar babu kowa a ciki. To idan an ajiye ku a Madobi ko Dangora, galibi wani jirgi ake jira ya fito. In shi ya makara da awa guda, ku ma kun makara, wanda ke jiranku a gaba shi ma haka. Da can ƙananan tashoshi duk suna da ma'aikata. Da aka rufe wasu, gunduwoyin suka yi tsawo, jira ya ƙaru.

Sauran dalilan a ƙasa suke. Da damina ruwa yakan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ka ga kwangiri na reto a iska a bakin kwalbati. Da bazara ƙarfe yakan miƙe don zafi, in tsakuwar da ke riƙe shi ta yi ƙaranci sai ya karkace kamar maciji. Ga masu kwance kusoshi da maƙalai su kai wa 'yan gwangwan, ga masu kwasar tsakuwa su yi gini. Duk inda aka ga haka sai a sa dokar tafiya a hankali, jirgi ya riƙa rarrafe. Injin kuma in ya mutu a hanya, sai an turo wani daga loko, layin kuwa a toshe har ya iso.

Shawararmu ga mai son hawa tsohon layi: kada ka dogara da jadawalin da ka ji a bakin wani, don zirga-zirgar ta sha tsayawa tana dawowa. Ka taka zuwa tasha da kanka, ka tambayi ofishin tikiti ranar da jirgi zai bi da kuma ko yana ɗaukar kaya. In za ka loda buhuna, a auna su a gabanka, ka karɓi takarda mai lambar tarago. Ka riƙe ruwa da guzurin kwana biyu.

Wani ɗan acaɓa: "In direban jirgi ya hango mutum a kan layi, me zai hana ya taka birki?"

Yana takawa, ɗan'uwa, tsayawar ce ba ta zuwa nan take. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, babu kamun da taya ke yi wa kwalta, ga nauyin taragu na turowa daga baya. Jirgi mai lodi yakan ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya cak, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Haɗarin ya fi yawa a layin da jirgi ba ya bi kullum, irin namu, inda mutane suka saba baza tumatir da gwanjo a kan ƙarfe. Jikin tarago ya fi layin faɗi sosai ta kowane gefe, don haka tsayawa dab da kwangiri ba tsira ba ce. In ka ji ƙaho a mararraba, ka tsaya nesa da taku biyar ko shida, ka sauke ƙafa, ka bari taragon ƙarshe ya wuce kafin ka sa giya.