Gurzar hanyoyin iska na kan injin Chevrolet 350 a gida

Ɗan'uwa, ka ce kana sake haɗa injin 350 na motar Camaro ƙirar 1969, kana so ka gurje hanyoyin iska na kan silinda, wato murfin saman injin, da hannunka don iska ta fi wucewa cikin sauƙi. Zai yiwu, amma fara koya a kan wanda ya riga ya lalace.

Ribar tana kwarmin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul. Nan za ka share kaifin da injin kamfani ya bari, ka sassauta lanƙwasar, ka rage kaurin ƙarfen da ke kewaye da bututun sandar bawul. Kada ka zurfafa ƙasan hanyar. Faɗin da ya wuce kima yana rage saurin iska, motar ta yi nauyi wajen tashi. Ni na taɓa zarcewa har na huda ramin ruwan sanyaya injin, kan ya tashi aiki.

Hanyar shigar iska ka bar ta da ɗan kaushi, yashin takarda mai lamba 80 ya isa. Ta hayaƙi ce ake goge wa sumul. Sa tabarau, ɓarɓashin ƙarfen nan kamar allura yake.

Duba tsagewa da yankan mazaunin bawul mai kusurwa 3 kuwa, kai wa masu injin aikin.