Ƙanena ya koma kwana a waje tun da aka kama babur ɗinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni matar aure ce a Idi-Araba da ke Mushin, Legas. Ƙanena ɗan shekara 21 ya zo daga gida yana acaɓa, har yana aika wa Inna kuɗin cefane duk wata. Tun da aka kama babur ɗinsa ba shi da aikin fari balle na baƙi. Sai ƙarfe biyun dare yake shigowa ido jajur, kwanan nan kuma na ga wayoyi biyu a aljihunsa, ban san inda ya samo su ba. Maigidana ya ce a sa shi a motar Kano. Yaya zan yi? Daga Maman Abba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Maman Abba. Ki ba maigida haƙuri, a dakata da maganar mota tukuna. Yaron da aka kora gida babu sana'a a hannu, majalisa kawai zai canza.

Ba ƙanenki kaɗai abin ya ci ba. Tun 1 ga Satumba 2022 da gwamnatin Legas ta faɗaɗa haramcin acaɓa zuwa Mushin, Kosofe, Oshodi-Isolo da Shomolu, samarinmu da yawa suka wayi gari hannu rabbana. Wanda ya saba kirga kuɗinsa kowace yamma, zaman banza ba ya masa daɗi, masu sayar da tiramol kuwa suna nan bakin lungu suna jira.

Bari in ba ki labarin unguwarmu a Agege. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da 'yan daban One Million Boys suka hana mutane barci, mu ma muka riƙa kwana a titi muna ƙona taya. Da ƙura ta lafa, dattawa suka ce a tara samari a yi musu nasiha bayan sallar isha'i. Sun zo kuwa, suka sha shayi da burodi, suka ce "Allah ya saka da alheri, Malam", suka koma inda suka fito. Mun yi wata uku muna asarar madara.

Wani mahauci ne a cikinmu ya ce kowa ya ɗauki yaro ɗaya. Shi ya tafi da biyu mayankar Oko-Oba, bakanike ya ɗauki nasa, mai gyaran waya a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ya ɗauki nasa. Muka kafa asusu a masallaci don kuɗin mota da na abincin rana, domin a nan ne koyon sana'a ke mutuwa a Legas: yaro ba zai tashi da asuba ya je Ikeja cikinsa na kuka ba. Kullum da safe ake ba shi a hannu, ba a tara masa na mako. In bai je ba, kafin azahar ubangidansa ya kira ni. Wasu sun gudu, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗaya daga cikin na mahaucin yau teburinsa gare shi.

To ki nemo wa ƙanenki ubangida, mutumin da yake jin kunyarsa. Maigida ya kai maganar fadar Sarkin Hausawan unguwarku ko wurin liman. Ki sa ya yi katin LASRRA, wato katin shaidar zama a Legas, don sai da shi ake neman horo ko rancen LSETF, asusun samar da aikin yi da jiha ta kafa a 2016. In jan idon nan na ƙwaya ne har ya kama jiki, faɗa ba ya cire shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye.

Wayoyin nan su suka fi tayar min da hankali, kada a ce 'yan ƙungiyar asiri ne suka ba shi su. Dokar da Legas ta yi a 2021 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban yara ba, ki sa masa tuwo, ki tambaye shi wa ya ba shi su, kuma me aka ce ya yi a madadinsu. Ki rubuto min abin da ya ce.