Me ya sa saitin netwok ke ta sauyawa, kuma me ya sa ake tsananta ƙa'idar rubuta shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ƙarƙashin wani injiniya a nan Daura, muna kula da intanet na wata makaranta da wasu shaguna. Abu biyu ke damuna. An sabunta uwar garkenmu, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, mai amfani da Ubuntu (wani nau'in Linux), sai na tarar fayil ɗin da na saba rubuta adireshi a ciki ba ya aiki, ko ifconfig ma kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Littafin da na cika da rubutu lokacin koyo ya kusa zama ba shi da amfani. Na biyu, na yi gyara a fayil ɗin saiti, kuma ya yi aiki, amma maigidana ya dawo mini da shi har sau biyu, wai na cusa gyara uku wuri ɗaya, kuma bayanin da na rubuta "an gyara" ne kawai. Wannan ƙa'ida ce ko tsanani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maigidanka yana da gaskiya, kuma kada ka yar da littafinka. Abin da ka koya game da adireshin IP da yadda saƙo ke neman hanya yana nan daram. Kayan aikin ne suka sauya, kuma kusan kowane sauyi akwai ciwon da ya zo magancewa.

Ɗauki ifconfig, umarnin da ake duba katin netwok da saita shi. Yana cikin wani tsohon ƙunshi mai suna net-tools, wanda ci gaban Linux ya tsere wa tun da daɗewa. Magajinsa shi ne umarnin ip na ƙunshin iproute2, shi ya sa sababbin Ubuntu ba sa zuwa da tsohon sai ka ɗora shi da kanka. Bambancin ba na ado ba ne. Idan aka ƙara wa kati adireshi na biyu da umarnin ip ba tare da an yi masa laƙabi ba, ifconfig ba zai nuna maka shi ba sam, sai ka yi ta neman matsala alhali rabin bayanin a ɓoye yake. Ka saba wa yatsunka da ip addr da ip route.

Wataƙila ka kuma lura sunan katin netwok, eth0, ya ɓace, wani abu kamar enp3s0 ya maye gurbinsa. A da, kwamfuta na raɗa wa katunan netwok suna ne bisa wanda ta fara gani yayin tashi. A inji mai kati biyu, wanda yake eth0 yau yana iya wayar gari eth1 bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, kuma mu a nan ba sai an faɗa mana yawan ɗauke wuta ba. Sai dokokin tsaron da ka rubuta wa ƙofar waje su koma kan ƙofar cikin gida. A 2013, siga ta 197 ta systemd, manhajar da ke tada Linux da kula da ayyukanta, ta kawo suna mai bin mazaunin katin a jikin injin, domin kada ya riƙa sauyawa. Sunan ba shi da daɗin faɗa, amma ba ya yaudara.

Fayil ɗinka kuwa, /etc/network/interfaces, Ubuntu ta maye gurbinsa da manhajar saitin netwok mai suna Netplan tun siga ta 17.10 a 2017. Yanzu a /etc/netplan ake rubuta saitin, cikin wani tsarin rubutu mai suna YAML, shi kuma Netplan ya miƙa wa systemd-networkd ko NetworkManager, manhajojin da ke aiwatar da shi. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, masu manhaja ba kasafai suke yanke abu dare ɗaya ba. Kalmar gateway4 ta Netplan, wadda ake nuna ƙofar fita zuwa intanet da ita, misali ce: an ayyana ta a matsayin wadda za a daina, ta ci gaba da aiki, sai dai duk lokacin da ka aiwatar da saitin za ta fito maka da gargaɗi cewa ka koma amfani da routes. Yawancinmu idan muka ga intanet ya kawo ba ma karanta wannan layin. Haka ma masu MikroTik, rauta (na'urar rarraba intanet) wadda ta cika ofisoshi da shagunan intanet a ƙasar nan: da manhajarta RouterOS 7 ta fito a ƙarshen 2021, an sake fasalin rubuta BGP (ƙa'idar da manyan netwok ke sanar da juna hanyoyi da ita) da matatun hanya baki ɗaya. Wanda ya karanta bayanin sauye-sauye kafin ya danna sabuntawa bai sha mamaki ba.

To, ga batun maigidanka, kuma nan ne na fi so mu daɗe.

Ƙa'idojin rubutu iri biyu ne. Akwai wanda inji ke tilastawa. A YAML, tazarar farkon layi ita ce ma'ana, kuma an haramta yin ta da maɓallin Tab. Ka matsar da layi ɗaya gurbi biyu, adireshin ya fita daga ƙarƙashin katin da ka nufa. Akwai kuma wanda mutane suka yi yarjejeniya a kai domin idon junansu. Masu rubuta ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar, suna amfani da Tab mai faɗin gurbi 8, masu harshen rubuta manhaja na Python kuma, bisa jagorar salonsu PEP 8 ta 2001, gurbi 4. Sashen netwok na Linux har yana son a jera layukan ayyana masu sauyawa (variables, sunayen da manhaja ke ajiye bayani a cikinsu) daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta. Babu wanda zai ce 8 ta fi 4 daraja. Amfanin shi ne, idan kowa ya bi salo ɗaya, duk layin da ya bambanta zai ɗaga kai a gan shi, kamar wanda ya fita daga sahu.

Su waɗannan masu netwok na Linux ɗin suna da rumbu biyu, net na gyaran kurakurai, net-next na sababbin abubuwa, kuma ba sa karɓar gyaran da ya haɗa batutuwa daban-daban. Dalilinsu shi ne dalilin maigidanka. Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, wanda Linus Torvalds, mahaliccin Linux, ya fara a 2005, yana ba ka damar janye sauyi guda ka bar sauran. Idan ka ɗaure uku a ƙulli ɗaya, ɗaya ya ɓaci, dole a kwance duka.

Na ga wannan da idona. Wata rana da yamma ina zaune a Katsina, na shiga rautar wani ofis da ke wani gari daga nesa, na gyara dokokin tsaro, na sauya adireshi, na kuma share wasu tsofaffin layuka, duk a zama ɗaya. Ina danna maɓalli allon ya tsaya cak. Na rufe wa kaina ƙofa, kuma ma'aikatan suka rasa intanet har washegari da na shiga mota na je da kebul a jaka. Abin da ya fi ci mini rai ba tafiyar ba ce. Ina tsugune gaban na'urar, ma'aikaci na tsaye a kaina yana jiran ya tura takardun albashi, ban san wanne cikin ukun ne ya jawo ba. Tun daga ranar ba na taɓa MikroTik daga nesa sai na kunna Safe Mode, wanda ke mayar da saitin baya idan haɗin ya yanke. A Ubuntu ɗinku akwai netplan try: idan ba ka tabbatar cikin daƙiƙa 120 ba, zai koma yadda yake. Na'urorin kamfanin Juniper ma na da commit confirmed mai jiran minti 10.

Kada ka ɗauka ƙananan wurare ne kawai. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida, a wajenmu daga bayan la'asar har dare. Kamfanin Facebook, mai dukkan ukun, ya bayyana cewa umarni ne aka bayar yayin aikin kula da netwok ɗinsu, kuma manhajar da ya kamata ta tare shi tana da kuskure.

Game da "an gyara": ka tuna wanda zai karanta shi, wataƙila kai ne bayan wata takwas, da tsakar dare. Rubuta abin da ka taɓa da dalili, misali "DHCP: an faɗaɗa jerin adireshi daga 100 zuwa 200, domin yana ƙarewa ranar jarrabawa" (DHCP shi ne tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi). Abin da ya sauya Git zai nuna shi da kansa, dalilin ne ba ya iya sani.

Inda zan goya maka baya shi ne, bai kamata ƙa'ida ta zauna a kan maigida shi kaɗai ba. Ka roƙe shi cikin ladabi ku rubuta ta a shafi guda, ku ajiye tare da fayilolin saitin, domin yaron da zai zo bayanka. Gyaranka kuma ka raba shi uku, kowanne da bayaninsa, ka mayar masa. Littafinka ma ka koma kansa, a saman kowane shafi ka rubuta sigar Ubuntu ko RouterOS da ka gwada abin a kanta.