Tambayi Likita: allurar penta, sirinji ɗaya, da maganar ɗura madara

Tambaya: Likita in na wanke sirinjin abokina da ruwan zafi ko sifirit zan iya amfani da shi?

Amsa: A'a ɗan uwa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana iya yin makonni da ranta a cikin sirinji. Sabo kowane lokaci, kuma ka je a gwada jininka, HIV da hanta duka.

Tambaya: Ƙanina mai sikila ne, tun da aka fara masa penta (pentazocine, allurar kashe zafin ciwo mai ƙarfi) saboda ciwon ƙashi yanzu shi yake yi wa kansa. Shekaranjiya mun same shi a ɗaki yana wani irin minshari, mama ta ɗura masa madara da manja har ya farfaɗo. Wannan ya isa?

Amsa: Innalillahi. Ƴar uwa dan Allah ki gaya wa mama kar a sake, ba madarar ce ta tashe shi ba, kwana ne yake gaba. Ni wallahi na gaji da maganar madara da manjan nan, abin da ya shiga jijiya ina ruwansa da abin da aka zuba a ciki? Wanda baya hayyacinsa baya iya haɗiya, madarar huhu take wucewa, sai a kawo mana shi da matsala biyu. Minsharin da kika ji kuma ba barci bane, numfashi ne yake neman tsayawa. Ki buɗe idonsa ki duba, ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi duhu, ana jijjiga shi baya motsi, to ba jira, ku kwantar da shi ta gefe kar amai ya shaƙe shi, a samo adaidaita sai asibiti. Akwai allura sunanta naloxone, cikin mintuna take dawo da numfashi, amma ƙarfinta minti 30 zuwa 90 ne, in ta sake shi numfashin na iya sake tsayawa, don haka ko ya tashi zaune yana surutu kar ku ɗauke shi sai likita ya sallame ku.

Kuma na san shawarar da za a kawo muku, a kai shi gidan mari. Wanda aka ɗaure wata uku jikinsa ya manta maganin, ranar da ya fito ya yi adadin da ya saba, nan ake rasa su. Ku kai shi wajen likitan sikilarsa da ɓangaren masu shaye-shaye, akwai a Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna. Satin nan, ba sai ya sake faɗuwa ba.

Tambaya: An ce ana raba wa ƴan allura sirinji kyauta a Gombe, wannan ba taimaka wa ɓarna bane?

Amsa: Malam na fahimce ka, an gwada shi a 2020 a Gombe, Oyo da Abia. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu allurar ƙwaya sun kai 80,000 a Najeriya, kusan kashi 9 cikin 100 suna da HIV, alhali sauran jama'a kashi 1.4 ne. Hana sirinji baya hana allura, mutum biyar ne zasu zagaye guda ɗaya, kuma wasunsu da matan aure a gida. A Indiana ta Amurka doka ta hana rabawa, a 2015 HIV ta ɓarke a wata ƙaramar gunduma, sama da mutum 200 suka kamu, dole aka sassauta.

Tambaya: Ina shara a bayan layi jiya wata allura ta soke ni.

Amsa: Yau ɗin nan ki je asibiti, akwai maganin kariya daga HIV na kwana 28 amma sai an fara cikin awa 72. Ki tambayi rigakafin hanta nau'in B da na tetanus. Kar ki bari sai gobe.